Ɗakin da Na Rubuta

Litinin, da hantsi, a ofis

Yau Darakta ta ɗora min aikin da na daɗe ina hari. Za a yi wa dokar taba gyaran fuska domin ta haɗa da shisha, kuma ni zan rubuta daftarin da kwamiti zai zauna a kai. Shekara da shekaru ina ma'aikatar lafiya ina gyara wa wasu waƙafi da aya, sai yau aka tuna ni ma lauya ce. Dokar da muke da ita ta tsufa, an yi ta ne lokacin da sigari kawai aka sani. Shi ya sa masu gidajen shisha suke sheƙe ayarsu. Jami'inmu ya shiga, su ba shi kujera da ruwan sanyi, su rako shi har bakin ƙofa.

Darakta ta ce kar in wahalar da kaina wajen ƙirƙiro sabon abu. Yadda ake yi a sashenmu ke nan tun kafin in zo: ka ɗauko tsohuwar doka, abin da ya yi aiki ka kwafo shi ka faɗaɗa. 'Yan majalisa ba sa son baƙon abu. In suka ga sashen da suka taɓa amincewa da shi, ko karantawa ba sa yi.

Ban ce mata komai game da maigidana Injiniya ba. A ofis an san mijina yana kula da wani gidan cin abinci tun da masaƙar da yake aiki ta rufe. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ana sayar da abinci a wurin. Shisha ta fi abincin kasuwa dai, amma wannan ba wanda ya tambaye ni.

Laraba, kafin ya fita aiki

Na gaya masa yana ɗaura agogo. Ya yi dariya har ta sarƙe shi, ya ce ashe a cikin gidansa aka ajiye wadda za ta kashe musu kasuwa. Na ce ai shi ba ruwansa, tunda a kanta, wajen karɓar kuɗi, yake zaune yana kula da ma'aikata. Ya ce haka ne, Barista. Haka yake kirana in yana son ya rufe magana.

Tarin nan nasa ya fara isata. Shi ya ce mura ce. 'Yarmu Auta kuwa, da ta ɗauko rigarsa daga kwandon wanki, cewa ta yi Abba ƙamshin alewa yake yi. Tuffa da na'ana'a ne, sun kama kayansa duka, har matashin kansa. Na sa sabulu iri-iri, na haƙura.

Juma'a, bayan an tashi

Na gama sashe na tara, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. A tsohuwar doka an hana shan sigari a wuraren taruwar jama'a sai a ɗaki na musamman: bango har rufi, ba taga mai buɗewa zuwa inda mutane suke, ƙofa a rufe. Na kwafo shi sukutum na shigar da shisha a ciki. Sauran sassan ma sun zauna: ba a sayar wa wanda bai kai shekara sha takwas ba, hoton gargaɗi a jikin tukunyar shisha, ba talla.

Farfesa, tsohon likitan nan na kwamitinmu mai yawan ƙorafi, shi so yake a hana shan ta cikin gini gaba ɗaya. Darakta ta ce wannan ko ƙofar majalisa ba zai shiga ba, ga ƙungiyar masu gidajen shisha ta riga ta yarda da ɗakin, a karɓi abin da aka samu. Ni ma na goyi bayanta, har da kawo misalai. Farfesa ya dube ni ta saman tabarau ya ce yarinya akwai baki.

Na dawo gida da daɗina, na sayo wa Auta ayaba.

Asabar, da safe

Tarin bai tafi ba. Mura ce, in ji shi.

Litinin, da rana

Da ƙyar na ja shi asibiti, sai da na ɓoye makullin babur. An yi masa hoton ƙirji. Likitan ya ɗaga hoton wajen haske ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana shan taba.

Ni na amsa, da zafina. Na ce mutumin nan tun da na aure shi ko kara ɗaya bai taɓa sawa a bakinsa ba, a masaƙa ma shi ke korar masu sha daga bakin injin. Na ce ƙurar auduga ce in ma wani abu ne. Likitan ya bari na gama zuba, bai dube ni ba, Injiniya yake duba. Injiniya kuma takalminsa yake duba.

An ba shi abin shaƙa, an ce a dawo a yi wasu gwaje-gwajen. A hanya na yi ta mitar likitocin yanzu da ba su da ladabi. Bai taya ni ba.

Laraba, da almuru

Gara in rubuta.

Ya manta abin shaƙarsa a kan firji. Da na tashi daga ofis da la'asar na biya gida na ɗauka, na ce bari in kai masa. Ban taɓa zuwa wurin ba. Shi bai taɓa gayyata ta ba, ni kuma ban taɓa nema ba, kowa ya samu yadda yake so.

Wuri ne mai faɗi, rabi gini rabi rumfa, gefe biyu a buɗe, fankoki suna ta juyawa. Kujeru masu taushi, talabijin ana ƙwallo. Na duba kanta, wata mata ce zaune. Na tambaye ta Injiniya, ta nuna min can ƙarshen rumfa da haɓa.

Yana tsugune gaban tukwane guda huɗu. Na tsaya bayan wani ginshiƙi na ga komai. Ya cika ɗan kaskon saman tukunyar da filebo, tabar nan mai ƙamshi, ya rufe da takarda mai ƙyalli, ya huhhuda ta da tsinke, ya ɗauko garwashi da awartaki ya jera a kai. A natse yake yi, yadda yake gyara min keken ɗinki. Sai ya ɗauki tiyon ya sa a bakinsa ya ja. Ya ja, ruwan tukunyar yana ɓuɓɓuga, ya fesar, ya sake ja, har hayaƙin ya yi fari ya yi kauri. Sannan ya sa sabon kan roba a bakin tiyon, ya kai wa wani saurayi da bai wuce sa'an ƙaninsa ba, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya dawo kan ta biyu. Kafin ya gama ta huɗu wani ya ɗaga hannu wai tasa ta mutu, ya je ya juya garwashin, ya sake ja masa ita.

Da ya gan ni bai firgita ba. Tsayawa kawai ya yi da awartakin a hannu, sai na ga ya tsufa.

Mai wurin ya zo da fara'arsa da ya ji matar Injiniya ce. Bai san inda nake aiki ba, ashe ta can ma an ɓoye ni. Ya ce duk garin nan babu mai hannun mijina, manyan kwastomomi in ba shi ya tayar musu ba ba sa sha. Sai ya ja ni ya nuna min wani sito a baya, dogo, ba taga, an fara kwashe buhunan gawayi daga ciki. Ya ce nan za su mayar ɗakin da sabuwar doka take so, ƙungiya ta riga ta sanar da su. Ya ce da sun zaci rufe su za a yi, Allah dai ya yi wa wanda ya rubuta dokar nan albarka. Na ce amin. Wallahi na ce amin.

A mota ne abin ya sauko min. Mai shan sigari shi kaɗai yake shiga ɗakinsa, da ashanarsa, ya sha ya fito, ba mai bin sa. Shisha kuwa sai da mai yi mata hidima. Wani ne zai tayar, wani ne zai riƙa shiga yana canza garwashi daga la'asar har a tashi. A rumfa ko ba komai iska tana kwashe rabi. Ni na ɗauko ɗakin sigari na sa mijina a ciki na rufe ƙofa.

Abin shaƙar yana jakata. Na manta ban ba shi ba.

Alhamis, da safe, bayan Auta ta tafi makaranta

Mun yi ta. Na faɗi maganganun da ba zan so a maimaita min ba. Na ce ya mayar da ni sakarya a gaban likita. Ya ce shi bai yi min ƙarya ba, shi ba sha yake yi ba, tayarwa yake yi. Na ce huhunsa ya san bambancin?

Daga baya ya ce a kanta aka ɗauke shi da gaske. Wata rana mai tayarwa bai zo ba, ya taimaka, aka ga ya iya, shi ke nan. Ya ce mutumin da ya yi shekara ashirin yana riƙe da sashe guda a masaƙa, yaransa na aiki har yanzu in sun gan shi a hanya sai sun rusuna, ta yaya zai buɗe baki ya ce yanzu hayaƙi yake ja wa 'ya'yan mutane? Inna tana can tana gaya wa maƙwabta ɗanta manaja ne.

Ya riƙe hannuna ya ce, “Ki rufa min asiri, Barista. Shi kaɗai ya rage min.”

Na ce to. Da sauri ma na ce to, kuma na san dalilin saurin.

Litinin, da azahar, a ofis

Kwamiti ya zauna. Da aka zo sashe na tara na ɗaga hannu na ce ma'aikata fa? Na ce na ji ana cewa a wasu wurare ma'aikaci ne yake fara jan tukunyar. “Na ji ana cewa.” Haka na faɗa, ni da na tsaya bayan ginshiƙi.

Wakilin ƙungiya, mai ƙamshin turare da zobba uku, ya yi murmushi ya ce wannan tsohon yayi ne, yanzu akwai ɗan famfo na lantarki da ake tayarwa da shi, kuma za a sa fankar zuƙe hayaƙi a kowane ɗaki. Ni ban ga famfo ko ɗaya a rumfar nan ba. Darakta ta ce ba a canza sashe da jita-jita, ballantana sashen da aka sha wuya kafin a daidaita a kansa. Farfesa ya gyara zama, idonsa ya kawo haske. Ya ce in har za a samu ma'aikaci ɗaya tak ya zo ya faɗa da bakinsa, shi zai tsaya kai da fata sai an mayar da shisha waje, sararin Allah. Ya tambaye ni ko na san wani.

Na ce zan bincika.

Talatar makon gobe ce zaman ƙarshe. Daga nan sai teburin minista, sai majalisa.

Laraba, da yamma

Na zaga gidajen shisha uku a wata unguwa da ba a san ni ba. Duk da baki ake tayarwa. Na yi magana da ma'aikata biyar ko shida, da sun ji kalmar kwamiti sai su tuna ana kiran su a ciki. Wani mai furfura a gemu ya ce, Hajiya, in na je na faɗa, ke za ki ɗauke ni aiki? Ban ga laifinsa ba.

Alhamis, da safe

Na roƙe shi. Na ce ba sai an faɗi sunansa ba. Ya ce fuskarsa fa, a gida zai bar ta? Ya ce rabin ofishinmu sun zo sunan Auta, sun ci abincinsa. Na ce sito ne fa, Injiniya, ba taga. Ya ce ya sani, shi ya auna musu bangon.

Ya fita bai karya ba.

Asabar

Ba ma magana sai ta wajen Auta. Gaya wa Abbanki ruwa ya yi zafi. Gaya wa Mamanki na gode.

Lahadi, da la'asar, a barandar asibiti

A bakin famfo ya durƙushe yana alwala. Maƙwabcinmu mai tasi ne ya kawo mu. Yanzu yana ɗakin maza, gado na kusa da taga, da robar iska a hanci.

Sakamakon gwajin ya fito. Likitan nan da na ce ba shi da ladabi shi ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa, ya faɗi sunan abin a hankali. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce abin da ya lalace ya lalace, amma wanda ya rage ana iya lallaɓa shi shekaru masu yawa, in dai ya rabu da hayaƙi. Ya maimaita in dai ɗin nan sau biyu.

Na gaya wa Inna ta waya cewa sanyi ne ya kama masa ƙirji.

Litinin, da safe

Gobe zan faɗa. Ba na buƙatar izininsa, ni ma ganau ce.

Litinin, da yamma

Na tsara maganar a mota, na faɗe ta da ƙarfi har mai sayar da lemo a danja ya leƙo. Ranki ya daɗe, mijina ne. Kalma huɗu ce ko biyar, sauran duk za su biyo baya da kansu. Za a ce ina da hannu a lamarin, ya kamata in bayyana tun farko, za a cire ni daga kwamiti, a cire sunana daga daftarin. A cire. Me zan yi da suna?

Gobe zan faɗa.

Talata, da yamma

An yi zaman.

Talata, bayan na dawo daga asibiti

Bari in rubuta yadda aka yi, ko na daina juya shi a kaina.

Ɗakin taro na sama, na'urar sanyi ta lalace, an buɗe tagogi. Darakta tana bin sassan ɗaya bayan ɗaya, a ce an amince, ta wuce. Da ta ce na tara, Farfesa ya ajiye bironsa ya juyo gaba ɗaya yana kallona. Darakta ta ce, “Barista, kin ce za ki bincika.”

Na miƙe. Na ga fuskokinsu duka. Ga wadda muke raba ofis da ita, wadda kullum take cewa in gaida manaja. Ga wakilin ƙungiya yana wasa da zobensa. Ga daftarin a gaban kowa, da sunana a ƙasan shafin farko, karo na farko tun da na fara aiki. Na ji kamar an yaye min mayafi a tsakiyar kasuwa, alhali ban ma ce komai ba tukuna.

Na ce, “Ba a samu wanda zai yi magana ba, ranki ya daɗe.”

Farfesa ya ci gaba da kallona kaɗan, sannan ya ɗauki bironsa. Aka ce an amince. Ba a yi minti ɗaya a kai ba.

Da aka gama an tafa min. Darakta ta ce ta daɗe ba ta ga daftari mai tsabta irin wannan ba. An raba lemon kwalba da biskit, na sha, har na ɗauko wa Auta biskit ɗin a jaka. Daga nan na wuce asibiti na ba shi shayi a baki da cokali. Ya tambaye ni ya aiki, na ce lafiya lau.

Ina ta gaya wa kaina alkawari na riƙe masa. Na faɗa sau da yawa a hanya, bai zauna ba.

Laraba

Ban je ofis ba. Na ce kaina ke ciwo, kuma yana yi.

Alhamis, da yamma

An cire masa robar iska yau. Na same shi zaune, ya sa an yi masa aski, ya ma sa hula. Mutumin gadon da ke kusa da shi, wanda suke hira kullum, an ja labule a kansa jiya, yau gadon ba kowa, an canza zanin.

Ina zuba masa ruwan zafi ya ce in kawo masa farar rigarsa mai dogon hannu, wadda yake sawa in manyan masaƙa za su zo zagaye. Na ce ta mece ce? Ya ce ya yi tunani. Zai je gaban kwamitin. Zai tafi da tukunya ma, ya haɗa ta a gabansu ya ja su gani, don in an faɗa da baki ba za su gane ba. Ya ce Inna ta ji, duniya ma ta ji. Ya ce akwai mutum bakwai a wurinsu masu wannan aikin, biyu ba su yi aure ba tukuna. Yana magana yana tsayawa ya ja numfashi, amma na rabu da ganin fuskarsa haka tun ana masaƙa.

“Yaushe ne zaman?” in ji shi.

Na ajiye filas ɗin. Na ce an yi shekaranjiya, an rufe.

Sannan ya tambaya ko na gaya musu abin da na gani. Na ce a'a.

“Saboda na hana ki?”

Ƙofa ce ya buɗe min, da na ce e da ya ɗauki laifin ya ƙara a kan nasa, na san shi. Na ce, “Saboda na ji kunya.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya cire hular ya ajiye a kan durowa, ya ce shayin ya yi zafi, a bari ya huce. Har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu dubiya bai sha ba.

Juma'a, da hantsi

Na shiga ofishin Darakta na faɗa mata duka, a tsaye. Maganar da ta gagare ni ranar Talata ta fito ba wuya, har na ji haushin sauƙinta.

Ta tashi ta rufe ƙofa. Na zaci faɗa za ta yi, da ma ta yi. Ta tambayi jikinsa, ta tambayi wane likita ke duba shi. Sannan ta ce minista ya sa hannu jiya, daftarin yana majalisa. In aka janye shi yanzu ƙungiya za ta ce mun saɓa yarjejeniya, a rasa duka, har da hana sayar wa yara, kuma ba ta san shekarar da za a sake samun wannan damar ba. Ta ce akwai sashen da ya ce a sake duba dokar bayan shekara biyar. Na sani, ni na rubuta shi.

Ina bakin ƙofa ta ce, “Ai ba sai shi ba. Da ke kika ce kin gani da idonki, ya ishe mu.”

Na haɗu da Farfesa a matakala. Na gaishe shi, ya amsa da kyau. Ban iya tsayawa ba.

Lahadi

An sallame shi. Auta ta share ɗaki har ƙarƙashin gado, ta hana kowa kunna turaren wuta.

Laraba, da yamma

Yana zaune a gida. Ya gyara fanka, ya gyara famfon banɗaki, ya kwance rediyon da ba abin da ya same shi ya sake ɗaurawa. Ba ya fushi da ni, abin da ya fi damuna ke nan. Yana gode min in na kawo abinci kamar baƙo.

Na ce albashina zai riƙe mu, a rage wasu abubuwa. Ya ce ya sani. Ya je wurare biyu neman aiki, wani gareji da wani kamfanin ruwan leda. Duk inda ya je tarin ke riga shi gabatar da kansa.

Asabar, da rana

Mai wurin ya zo dubiya da kankana da lemo cike da leda. Mutumin kirki ne, abin haushin ke nan. Ya ce tun da Injiniya ya kwanta kwastomomi suke tambaya. Ya ce ya dawo ya zauna a kanta kawai, ba zai taɓa garwashi ba, ya yi alkawari. Ya ce su ba su jira majalisa ba, sun gama ɗakin, suna so su zama na farko da za a ba lasisi.

Ina daga kicin ina ji. Na fito da niyyar in kore shi da kankanarsa, sai na ga yadda Injiniya ya miƙe zaune da aka ce ana tambayarsa. Na koma na yanka kankanar.

Da ya tafi na ce likita ya ce in dai. Ya ce a kanta ne, Barista. Na ce da ma a kanta aka fara. Ya ce mutum ba zai zauna yana kwance rediyo har ya mutu ba. Na buɗe baki in ce ban yarda ba, sai na rasa da wane bakin zan faɗa.

Litinin, da la'asar

Ya tafi. Ni na goge masa riga. Na sa abin shaƙar a aljihun gaba, na ce ya taɓa ya ji yana nan, ya taɓa.

Majalisa ta yi karatu na biyu yau, ba wanda ya yi gardama. A ofis ana ta yi min barka.

Talata, da safe

Muna karyawa nake satar kallonsa. Ya ci burodi sosai. Da Auta ta fita na tambaye shi ya kanta. Ya ce lafiya. Daga baya ya ce sau ɗaya kawai ya shiga ɗakin, wani tsohon kwastoma ne ya rantse ba zai sha ba sai shi. Can ya ce ko sau biyu.

Na tambayi fankar zuƙe hayaƙi. Ya ce an sa, tana aiki in akwai wuta.

Ya ce mutanen ma'aikatarmu sun zo jiya duba ɗakin, su uku, za a riƙa nuna wa sauran gidaje shi a matsayin misali. Sun zaga, sun shafa bango, ɗaya ya tsaya a waje ya sa hanci a jikin ƙofa. Yana ba ni labarin yana juya cokali a kofi, ba da gatse ba, na duba fuskarsa da kyau ko zan ga gatse in samu abin riƙewa. Yabo yake yi tsakaninsa da Allah, irin na wanda ya san aiki in ya gan shi.

Ya ce, “Kin iya aiki. Tukunya goma sha biyu ke ci a ciki, amma ko kaɗan hayaƙin ba ya fita.”